Zanen Ƙofar Gidan Malam

Ranar Talatar da Kawu Hamidu ya sauka Kalgo bincike, ranar auren Muzzammil da Mubaraka ya mutu. Ba a ɗaura ba, ko goro ba a saya ba. Aure ne da aka yi wa jana'iza tun yana ciki.

Shi Muzzammil bai san abin da ake ciki ba. Yana bakin gulbi wajen Diggi, a tsugune, yana aikinsa.

Sana'arsa zanen hula. Mata masu ɗinki su kawo ƙyalle, ya zana musu, su je su bi da zare. Amma ba ya taɓa ƙyallen mace sai ta ga zanen da idonta ta ce ya yi mata. Takarda kuwa ƙafa gare ta, yau ka zana, gobe ka ga abinka a kan kowa a kasuwar Jega. Don haka ya riƙe hanyar da ya gada wurin mahaifinsa. In ruwa ya ja baya ya bar farin rairayi, sai ya lallaɓe shi da tafin hannu, ya sa tsinken kara ya fitar da zanen. Inda yake son baƙi ya barbaɗa garin gawayi, inda yake son fari toka, inda yake son ja jar ƙasa. Mace ta duba ta ce wannan nake so, ya sa hannu ya shafe.

In babu mai jira, yakan yi babba, wanda ba hular da za ta ɗauke shi. Ya koma gefe yana kallo har shanu su gangaro shan ruwa su bi ta kai.

A kan irin wannan Mubaraka ta same shi tun tana ɗaliba a jami'ar Kalgo. Ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, ya tare da hannu. Ta ce masa marowaci. Daga wannan zagin abin ya fara, kuma har ta gama karatu ta koma gida Gwandu bai taɓa bari ta ɗauki ko ɗaya ba.

Mahaifinta, Malam Abdulrahman, limamin unguwarsu ne. Da ta gaya masa akwai wanda take so, bai ce a'a ba. Ya yi abin da kowane uba ke yi, ya tura ƙanensa Hamidu ya gano masa asalin yaro da halinsa.

Kawu Hamidu irin mutanen nan ne da in an aike su ganin wata, ko da hadari sai sun gani. A tasha ya tambaya, aka ce, "Mai zanen ƙasa? Bi matan can, wurinsa za su."

Ya bi su. Ya laɓe bayan giginya.

Ya ga saurayi yana lallaɓe ƙasa da hannu. Ya ga yana ja mata layi yana ɗiga mata ɗigo. Ya ga mace tsugune gabansa, kai a sunkuye, suna magana ƙasa-ƙasa. Ya ga ya shafe. Sannan ya ga matar ta ciro baƙar kaza daga ƙarƙashin mayafi ta miƙa masa.

Kawu bai matsa kusa ba, bai yi sallama ba. Tambaya tana ɓata labari mai daɗi.

Kafin magariba yana zauren yayansa.

"Yaya, wanga yaro ƙasa shike bugawa. Boka ne mai duba. Da idona nig gani, har kazar aiki anka ba shi."

Kada a ce Kawu ya yi ƙarya. Abin da ya gani ya faɗa. Sai dai yana da ɗa, Ubaidullahi, ma'aikaci a Birnin Kebbi, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidan Malam fiye da yadda zumunci ya nema. Idon mai ɗa yakan ga abin da zai amfani ɗansa.

*

Washegari da hantsi wayar Muzzammil ta yi ƙara. Kafin ya yi sallama ya ji kuka.

"Mubaraka? Wa ya mutu?"

"Mu ne. Kawu ya ce duba kake yi."

Ya yi dariya. Wannan dariyar ya daɗe yana tuna ta.

"Duba? Ni da ko ranar kasuwa sai an tuna mini?"

"Ka daina dariya, don Allah! Ya ce an ba ka kaza."

"Ladan zane ne. Matar ba ta da abin biya, ta kawo kaza. Jiya ma munka cinye ta da Inna."

"Baba Malam ya ce in nuna masa abin da kake zanawa. Na buɗe wayata, na bi ta kaf. Akwai hoton akuyar maƙwabta a ciki, Muzzammil. Naka ko ɗaya babu."

Dariyarsa ta ɗauke, ita kuma ta ci gaba.

"Da me zan kare ka? In ce ya yi kyau? In ce shanu sun gani?"

"Zan zo in nuna masa da kaina."

"A'a. Ka bari ƙura ta lafa. Ka ji? Ka bari."

Ya ce ya ji. Kunnensa ne ya ji.

Mahaifiyarsa, Inna Hajjo, ta tarar da shi a tsakar gida yana tankaɗe rairayi cikin buhu. Gefe ga ƙulli uku, gawayi da toka da jar ƙasa. Ta ajiye ƙwaryar hannunta.

"Wanga kaya fa? Gini za ka yi?"

"Gwandu za ni, Inna. Malam zai gani da idonsa."

"Kai dai Allah ya ba ka hannu ya rage maka kai. An ce kai boka ne, sai ka ɗauki toka da gawayi ka nufi gidan mutane?"

"To da me zan nuna masa?"

"Da dattijo. Ka ɗauki limaminmu, ka ɗauki mai unguwa, su je su yi magana irin ta manya. Haka aka yi tun kafin a haife ka."

"Su ce me? Su ce sun san ni? Kawu Hamidu ma cewa ya yi ya gan ni. Magana ce za ta kara da magana, kuma tasa ta riga shiga."

"Ubanka ma haka shike. Ya ɗauka duk wanda ya ga abu mai kyau zai gane shi." Ta ɗauki ƙwaryarta. "Mutanen Gwandu littafi sunka sani, ɗan nan. Ba su san wasan ƙasa ba. Ni dai na hwaɗi."

Ya ɗaure buhun a bayan babur.

*

Ya isa Gwandu bayan azahar, rana na tsakiyar dukan ƙasa. Ya yi sallama a ƙofar gidan Malam, aka amsa daga ciki aka ce Malam ya kwanta, sai la'asar.

Unguwa shiru. Ko kaji sun shige inuwa.

Ya zauna a dakali ya dubi filin da ke gaban zaure, a share tas, a daddaɓe. Zuciya ta ce masa, me ya fi a ce Malam ya fito ya tarar da abin a shimfiɗe? Ba sai an yi dogon bayani ba.

Ya kwance buhu.

Bai taɓa aiki irin na ranar ba. Hannunsa bai yi gardama ko sau ɗaya ba. Ya fara da ƙullin dagi a tsakiya, ya fitar masa da rassa, kowane reshe ya naɗe ya koma cikin ɗan'uwansa. Ya zagaye shi da ganye irin na bado a kan ruwa. Ya bi gefe da jar ƙasa siriri kamar zare. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana kautar da kai don kada ya faɗa a kan aikin.

Yana durƙushe daidai bakin ƙofa, yana barbaɗa toka da 'yan yatsu uku, Goggo Hauwa'u, yayar Malam, ta ɗaga labulen zaure za ta fita unguwa.

Ta ga baƙo. Ta ga toka. Ta ga gawayi a bakin ƙofar da kowa na gidan ke tsallakawa.

"Innalillahi! Jama'a ku taho! Ga shi nan da rana tsaka shina yi muna aiki!"

"Goggo, ki tsaya ki duba..."

"Kada ka kira ni! Wayyo, an biyo mu har gida!"

Unguwar da ta yi kamar ba kowa sai ga ta cike. Wani ya riƙe masa wuyan riga. Wani ya shure ƙullin jar ƙasa ya watse. Mata na jan 'ya'yansu baya suna rufe musu ido. Wani dattijo na cewa kada kowa ya taka, kada kowa ya tsallaka, a kawo tsintsiya a share da hagu.

"Ku duba mana!" Muzzammil ke faɗi. "Don girman Allah ku dube shi! Fure ne!"

Ba wanda ya duba. Kowa ya san ba a ƙura wa asiri ido. Mutum fiye da cikin masallaci suka taru a kan mafi kyawun abin da ya taɓa yi, kowa ya kautar da fuska.

Tsintsiya ta ci rabi sa'ad da Malam Abdulrahman ya fito.

Ya tsaya a bakin zaure, ya dubi abin da ya saura. Shi kaɗai ya duba, kuma ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce a saki yaron, a ƙarasa sharar, kowa ya tafi ya yi alwala.

"Kai kuma shigo."

Muzzammil ya zube a gaban buzu, rigarsa a yage.

"Allah ya gafarta Malam, wallahi ni..."

"Kada ka rantse. Na san hatimi, na san yadda masu duba ke jera ɗigonsu. Wancan ba shi ba ne. Ganyen bado na gani, ko?"

"Shi ne, Malam." Hawaye suka zubo masa, na murna. "Shi ne."

"Ya yi kyau."

"To Malam ya gani ke nan. Alhamdu lillahi."

"Ni na gani. Su fa?" Malam ya nuna ƙofa da haɓa. "Maganar Hamidu ba ta shige ni ba tun farko. Na san ƙanena. Na riga na yi magana da wani aminina a Kalgo, ran Jumma'a zai je ya zauna da kai ya kawo mini gaskiya. Da ka zauna gidanku, da magana ce ta mutum ɗaya."

Muzzammil ya sunkuyar da kai, Malam ya ci gaba.

"Yanzu unguwa ce ta gani. Kuma mutanen ga, ni ke shiga gaba su bi ni salla."

"Malam ya gaya musu mana. Za su ji maganar Malam."

"Za su ce aikin ya kama ni." Ya faɗe ta a hankali, ba fushi. "Ba ni yi wa ɗiyana dole, ban taɓa ba. In Mubaraka ta ce kai, zan sa a ɗaura. Ranar kuma zan miƙa musu masallacinsu, don ba zan tsaya gaban mutanen da ke shakkar sallarsu a bayana ba. Na gaya maka don kada ka ce an yi maka rufa-rufa. Ita ma haka zan gaya mata."

"Malam, wannan ai kaya ne za a ɗora mata."

"Kai ka kawo shi a buhu, ɗana. Tashi ka bi ta baya, kada su gan ka."

*

Ruwa ya ƙara ja, rairayi ya ƙara faɗi, mata suka ragu. Labari ya riga baburinsa isowa Kalgo. Waɗanda suka ci gaba da zuwa, wasu ba ƙyalle a hannunsu. Wata ta zo ta tsuguna ta ce mijinta ne ya juya mata baya, ko za a duba mata. Ya kore ta, ta tafi tana cewa ai manyan ba su yarda da wuri.

Wayar Mubaraka a kashe.

Sai wata safiya ya ɗaga kai ya gan ta tana gangarowa, takalmi a hannu. Can bisa hanya wata farar mota na tsaye, da mutum a ciki.

Ta rame har mayafinta ya yi mata yawa. Ta tsaya nesa da shi kaɗan, inda da can ba ta tsayawa.

"Marowaci," ta ce. Muryar ba ta kai ƙarshen kalmar ba.

"Wa ya kawo ki?"

"Ya Ubaidu. Na zo karɓar takardun makaranta. Na roƙe shi, ya ce in zo amma ina inda zai hango ni."

"Mutumin kirki."

"Kada ka yi masa baƙar magana. Shi bai ce komai ba tun da anka fara."

"Mai shinkafa a fadama ba ya rigima da ruwa. Jira yake."

Ta zauna a kan rairayi, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya bar ta. Ba shi da abin ba ta.

"Na ce ka bari," ta ce. "Ban ce ka bari ba?"

"Kin ce."

"Ka san abin da nike ciki? In na yi kuka, Goggo ta ce aikin ne ke ci. In na ƙi abinci, ta ce ga alama. Na ce musu ina son ka tun kafin ka san hanyar gidanmu, sunka ce ba bakina ba ne ke magana. Kullum da safe sai an ba ni rubutu na sha. An yi mini hayaƙi har idona ya kumbura. Duk abin da na faɗa don in wanke ka, shi ke ƙara ɗaure ka."

"Malam fa?"

"Baba Malam bai ce mini komai ba, shi ne abin da ya fi ciwo. Sahu ya ragu a masallaci. Jiya na leƙa ta taga na gan shi shina jan salla da mutanen da ba su cika tabarma ɗaya ba. Mutumin da tun ban san kaina ba nike jin muryarsa da asuba. Ya dawo ya tambaye ni ko na ci abinci."

"Mu tafi wani gari, Mubaraka. Ko'ina akwai masu sa hula."

"In bar shi da wa? Da bakin mutane? Ƙannena mata fa, wa zai shiga gidan da anka ce boka ya ɗauke ɗiya?"

Ya ɗebi rairayi ya matse, ya zube ta tsakanin yatsunsa.

"Faɗi abin da ya kawo ki."

Ta share ido da bakin mayafi, wasu suka biyo.

"Na ce na yarda da Ya Ubaidu. Ba wanda ya sa ni. Da bakina na je na faɗa."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya. Ka san abin da Goggo ta yi? Guɗa. Ta fita tsakar gida tana cewa asiri ya karye, rubutu ya ci." Ta yi wata dariya wadda kuka ya fi ta daɗin ji. "Na ɗauka in na bar ka za su ce ashe ba ka yi mini komai ba. Ashe ko ta nan ma kai ne mai laifi. In na zauna, ka yi asiri. In na tafi, ka yi, an karya."

"To ai shi ke nan. Ko banza na yi suna."

"Kada ka yi mini haka. Ka yi faɗa mana! Ka zage ni! Ka ce na ci amana!"

"Ba ki ci ba."

Daga bisa hanya aka danna odar mota, a gajarce, cikin ladabi.

Ta miƙe tana kakkaɓe zane. Ta dubi filin rairayin, fari fat, ba ko layi ɗaya a kai.

"Ba ka yi komai ba yau?"

"Hannun ya ƙi."

"Muzzammil, in roƙe ka abu ɗaya. Ranar da na fara ganin shanu sun taka maka aiki, na yi kamar in yi kuka, kai kana murmushi. Ka gaya mini wata magana ta babanka. Ka sake faɗa mini ita. Ita nike so in tafi da ita, ko na samu in yi barci."

Ya dube ta. Idanunta sun yi ja, tana jira kamar mai jiran magani.

Akwai magana a bakinsa, ta taso tun daga ciki ta tsaya a maƙogwaro. Ya ga in ya sake ta, yarinyar nan za ta koma Gwandu da ita, ta kwana da ita, ta tashi da ita a gidan wani. Ya haɗiye. Ya ɗauko wadda ta roƙa.

"Kyau baƙo ne," ya ce. "In ya zo a tarbe shi, in ya tashi a raka shi. Ba a riƙe masa riga."

Ta lumshe ido, ta gyaɗa kai.

"Na gode. Ka fi ni ƙarfin zuciya, tun da can na sani. Ka yafe mini."

"Ba komai. Allah ya ba da zaman lafiya."

"Amin."

Ta juya. Ya bi ta da ido tana hawa gangaren, ta tsaya ta sa takalmi, ta buɗe ƙofar baya ta shiga. Ba ta waiwayo ba, don ya riga ya ba ta abin da zai hana ta waiwaye. Motar ta yi kwana a hankali ta nufi Kalgo.

An ɗaura aurenta da Ubaidullahi bayan ƙaramar salla. Aka ce masallacin Malam ya cika har waje.

Mutane na yaba wa mai haƙuri, don haƙurinsa ba ya hana su barci. Inna Hajjo ma ta ce ɗanta ya yi halin maza. Ba wanda ya san abin da ya haɗiye a bakin gulbi, kuma ba wanda ya tambaya.

So ya yi ya ce mata maganar babansa ta rairayi ce, ba a yi ta don mutum ba. So ya yi ya ce ko rairayin ma, bai taɓa ganin kofato ya sauka a kan zanensa ba tare da wani abu ya tsinke masa a ƙirji ba, murmushin koya ya yi don kada a yi masa dariya.

So ya yi ya ce, "Ƙarya nake yi, Mubaraka. Ban iya rakiya ba. Kada ki tafi."